Yadda Ake Kwana a Ɗakin Katako a Wurin Zango Maimakon Tanti

Yawancin mutanen Kano sun san tanti ne ta hanyar aikin Hajji, wato tantunan Mina da Arfa, ko kuma ta sansanonin da 'yan sikawut da ƙungiyoyin agaji suke kafawa a bayan gari lokacin hutun makaranta. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙaramin tanti da damina ya san ɗawainiyarsa: sai an yi dakonsa, an nemi wuri mai ɗan tudu, an kafa turaku an ja igiyoyi, sannan idan hadari ya taso da tsakar dare a kwana ana zullumin kada iska ta yi awon gaba da shi, da safe kuma a naɗe shi a jiƙe sharkaf. Wannan ne ya sa wuraren zango a ƙasashe da yawa suka tanadi ƙananan ɗakunan katako waɗanda matafiyi zai kama na kwana ɗaya ko 'yan kwanaki, ya sami rufi da gado da ƙofa mai mukulli, a kan kuɗin da ya fi na filin kafa tanti amma bai kai na otal ba. Ɗalibanmu da ke karatu a Turai, da 'yan kasuwar da ke zuwa can, da iyalan da ke sha'awar fita daga hayaniyar birni zuwa wurare masu tsaunuka a nan gida, duk suna iya cin moriyar wannan tsari.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, ɗakin ya ɗauke wa mutum nauyin tanti ne kaɗai, sauran hidimar zango tana nan a wuyansa. Babu mai kawo masa tawul, babu mai gyara masa gado, babu mai ƙwanƙwasa ƙofa da farantin karin kumallo. Wanda ya tafi da tunanin otal zai kwana a kan tsurar katifa da yunwa, ya dawo yana zagin wurin, alhali laifin na shirinsa ne.

Mataki na farko: ka san irin ɗakin da kake nema

Ɗakunan nan ba iri ɗaya ba ne, kuma hoton da ake sakawa a talla ba ya isa a gane abin da ke ciki. A ƙasar Holan akwai wanda suke kira trekkershut, wanda aka yi musamman domin masu yawo da keke da masu tafiyar ƙasa. Ɗaki ne guda mai ɗaukar mutum huɗu a kan gadaje masu hawa biyu irin na makarantar kwana, da tebur da kujeru da ɗan wurin ɗora tukunya, kuma mafi sauƙinsa ba shi da banɗaki, sai dai a je ginin wanka da bayi na jama'ar filin. A Norwe da Suwidin da wuya ka shiga filin zango ka rasa jerin irin waɗannan ɗakuna, tun daga ƙanana masu gado da wutar lantarki kawai har zuwa manya masu kicin da banɗaki a ciki.

Akwai kuma nau'i na biyu, wato ɗakunan da ke can cikin tsaunuka da dazuzzuka inda mota ba ta zuwa. Ƙungiyar masu yawon tsaunuka ta Norwe, DNT, wadda aka kafa a shekarar 1868, tana da irinsu fiye da 500. Wasu da ma'aikata, wasu babu kowa sai ɗakin ajiyar abinci da mutum zai ɗiba ya rubuta ya biya bisa amana, wasu kuma babu ma'aikaci babu abinci. A arewacin Finlan akwai ɗakunan daji da ba a kullewa kuma ba a biyan ko sisi, ana kwana ɗaya ko biyu a wuce, kuma al'adarsu ita ce wanda ya riga zuwa ya huta shi ke matsa wa wanda ya iso daga baya a gajiye. Tsarin yana da ban sha'awa, amma magidancin da ke tafe da iyali ya sani cewa a irin waɗannan ɗakuna ana iya haɗa shi kwana da baƙi maza da mata a ɗaki ɗaya. Saboda haka sabon shiga, musamman mai iyali, ya fara da ɗakin filin zango wanda zai kama shi kaɗai ya riƙe mukullinsa.

A nan gida yawancin ɗakunan wuraren shaƙatawa na bulo da siminti ne, har da waɗanda aka yi wa siffar bukka. Wanda yake son na katako takamaimai sai ya tambaya kafin ya tashi. Matakan da ke biye dai suna aiki a kan kowane ƙaramin ɗakin zango, ko da wane abu aka gina shi.

Mataki na biyu: lokaci da wuri

Katako ba ya riƙe zafi kamar siminti, amma ƙaramin ɗaki mai rufin kwano ba tare da silin ba, a zafin Maris zuwa Mayu lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a yankinmu, tanderun gurasa ne kawai. Don haka a ƙasa mai kwari irin ta Kano da Bauci lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma da rani ne ma aka fi ganin namun daji a gandun dajin Yankari na Jihar Bauci, saboda ciyawa ta bushe kuma dabbobi suna taruwa a bakin ruwa. Wurare masu tsayi kuwa lissafinsu daban ne. Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200, Obudu a Jihar Kuros Riba ta haura mita 1,500, haka ma tsaunin Mambila a Jihar Taraba inda garin Gembu yake, kuma a dukkansu dare yana da sanyin da zai ba Bakano mamaki ko da ya saba da hunturu. Da damina ɗakin katako ya fi tanti nesa ba kusa ba, sai dai hanyoyin hawa tsauni sukan yi santsi ko su lalace, kuma hazo yakan rufe gari.

A Turai akasarin filayen zango suna aiki ne daga bazararsu zuwa farkon kaka, wato tsakanin Afrilu da Satumba ko Oktoba, kuma Yuli da Agusta su ne watannin cunkoso saboda hutun makarantu.

Batun tsaro ba abin da za a ɓoye ba ne. Kafin ka yanke shawarar zuwa ko'ina a cikin ƙasar nan, ka tambayi direbobin tashar da ke bin hanyar kullum, irin na Unguwa Uku ko Na'ibawa, da wani ɗan garin da ka yarda da shi, halin da hanya da dajin suke ciki a wannan makon, ba a bara ba. Ka tsara tafiya yadda za ka isa da rana tsaka. Idan amsoshin da ka samu sun saɓa wa juna, ka ɗage tafiyar, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na uku: kama ɗakin

Kada ka biya kafin alƙalami sai ka sami amsar wasu tambayoyi a rubuce, ta imel ko ta WhatsApp, yadda za ka iya nuna su idan gardama ta taso. Mutum nawa ɗakin yake ɗauka, kuma kuɗin na ɗaki ne ko na kowane kai? Akwai zanin gado da bargo, ko sai ka zo da naka, ko ana bayar da haya? Banɗaki a ciki yake ko a waje, kuma tazarar nawa ce? Wannan tambaya ta fi muhimmanci ga mai tafiya da tsoho, ko mace mai ciki, ko ƙananan yara masu tashi fitsari da dare. An yarda a yi girki a ciki, kuma akwai tukwane da kwanuka? Ƙarfe nawa ake karɓar mukulli, ƙarfe nawa ake miƙa shi, kuma idan mutum ya makara a hanya wa zai samu? A ƙasashen arewacin Turai ka ƙara tambayar kuɗin sharar ƙarshe, domin ƙa'idar da aka fi bi ita ce ko dai ka share ka goge ɗakin da kanka kafin ka tafi, ko ka biya a yi maka. Haka kuma a wasu filayen ruwan zafi na wanka sai an saka sulalla ko kati yake zubowa na 'yan mintuna.

A nan gida sai a ƙara tambayar wuta da ruwa: lantarkin gwamnati ne, janareta ne ko sola, kuma ƙarfe nawa ake kashewa? Ruwan famfo ne, na rijiya ko na rafi? Akwai sabis na waya, kuma na wane layi? Tun da gani ya kori ji, ka roƙi a kira ka ta bidiyo a zagaya da kai ainihin ɗakin da za a ba ka, har da rufi da banɗaki. Kuɗi kuma ka tura asusun da ke ɗauke da sunan wurin, ka karɓi rasit. Idan aka ba ka asusun wani mutum, ka nemi wata lambar wurin ta daban ka tabbatar. Ka riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, saboda inda babu sabis na'urar POS ba ta da amfani.

Mataki na huɗu: haɗa kaya

Da yake ba za ka ɗauki tanti da turaku ba, sararin da ka samu a jaka na kayan kwanciya ne. Kowane mutum yana buƙatar zanin gado, rigar filo, da bargo ko jakar barci. Ko da wurin ya ce yana bayarwa, zanin gadonka ya fi kwanciyar hankali. Bargo ba ya wuyar samu a Kantin Kwari ko Kasuwar Sabon Gari, rigunan sanyi masu kauri da safa da hular sanyi kuwa sai gwanjon Ƙofar Wambai, inda wani lokaci akan yi dace har da jakar barci. Duk abin da aka saya a gwanjo a wanke shi a shanya a rana sosai kafin a saka a jaka. Ga mai zuwa wuri mai sanyi, riguna marasa nauyi guda biyu ko uku da za a ɗora wata kan wata sun fi ƙatuwar riga ɗaya amfani, domin da hantsi ya dubi ludayi za a so rage wasu.

Gidan sauro mai magani dole ne a ko'ina a Najeriya, kuma a haɗa da igiya mai tsawo, saboda ba a yarda baƙo ya buga ƙusa a bangon katako ba. Da igiya za ka ɗaure shi a jikin gado ko a ƙarfen taga. Sai tocila ga kowane babba, wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi, domin tana barin hannu biyu a sake lokacin zuwa banɗaki ko wanke kwano da dare. Sai fawa bank, takalmin roba na wanka, takalmi rufaffe na tafiya, sabulu, tawul, ledojin shara, ƙaramin kwaɗo, wuƙa, ashana, buta da sallaya. Akwatin magani ya ƙunshi maganin zazzaɓi da ciwon kai, gishirin gudawa na ORS, filasta, bandeji, da duk maganin da wani a cikin tawagar yake sha kullum, kamar na hawan jini ko na ciwon suga, tare da ƙarin na kwana biyu saboda halin hanya.

Abinci kuwa a zaɓi wanda ba ya buƙatar firji kuma ba ya cin wuta: shinkafa, taliya, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, garin kunu, dabino, soyayyiyar gyaɗa, kayan shayi, yaji da man gyaɗa a gora mai murfi. Kilishi da dambun nama guzuri ne da babu kamarsu a tafiyar cikin gida. Amma mai tafiya Turai ya bar su a Kano, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashe irin namu shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su a cikin kayansa, kuma jami'an kwastan suna ƙwacewa, har a ci tara. A can sai a sayi naman halal a shagunan Turkawa ko Larabawa a babban gari kafin a nufi filin zango, tun da ƙauyukan da filayen suke da wuya a sami irin waɗannan shaguna. Haka kuma ba a hawa jirgi da tukunyar gas ko ƙarama ce, fawa bank kuwa a jakar hannu ake saka shi. Soket ɗinmu mai baki uku irin na Ingila ne, alhali Holan da Jamus da Norwe da Finlan mai baki biyu zagayayye suke amfani da shi, don haka a sayi adafta tun daga gida.

Mataki na biyar: isa da binciken ɗaki

Wannan shi ne matakin da aka fi yi wa sakaci, domin mutum ya iso a gajiye, abin da yake so kawai ya jefar da jaka ya miƙe. Ka daure ka bar kayanka a baranda ko a cikin mota, ka shiga da tocila kai kaɗai, ka buɗe ƙofa da tagogi duka iska ta ratsa.

Ka fara da gado. Ɗaga katifar ka haska ɗinkin gefenta, sannan ka bi mahaɗar katakon gadon da tsagogin bangon da ke kusa da kai. Abin da kake nema shi ne kuɗin cizo, kuma ba lallai ka gan shi da kansa ba, domin da rana yana ɓuya. Alamarsa ita ce ɗige-ɗigen baƙi kamar an taɓa wurin da bakin biro, ko jirwayen jini, ko busassun ɓawon da ya saɓule. Katako yana da maɓoya da yawa, kuma wannan ƙwaro ba ruwansa da ƙasa mai arziki ko matalauciya, a jakar matafiya yake yawo. Idan ka ga alama, kada ka yarda da alkawarin fesa magani a daren. Ka nemi a canza maka ɗaki.

Daga nan ka duba lafiyar katakon kansa. Ka taka kowane ɓangare na daɓen a hankali, musamman bakin ƙofa da matakala, ka ji ko yana lotsawa. Ka ƙwanƙwasa dirkoki da gindin mukulli: katako mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda gara ta cinye cikinsa kuwa sai ka ji shi fanko, wani lokaci ma ka ga siririyar hanyar ƙasa da gara ta gina tana hawa daga tushe, ko ɗan tarin gari a ƙasan allo. Idan gadon mai hawa biyu ne, ka girgiza shi, ka gwada tsaninsa da katakon da ke tare mai barci. Yaron da bai kai shekara 6 ba kada a kwantar da shi a sama. Ka ɗaga kai ka dubi silin, tabo mai ruwan ƙasa yana nuna inda yake yoyo, sai ka kawar da gado ko jaka daga ƙarƙashinsa. Ka duba ragar taga ko ta yage, ka gwada sakata daga ciki, ka kunna kowane makunni, ka ga ko akwai wayar lantarki a tuɓe. Duk abin da ka tarar a karye ka ɗauki hotonsa ka nuna wa ma'aikaci nan take, don kada a ɗora maka shi ranar tafiya.

Sannan ka fita ka zagaya bayan ɗakin tun da sauran haske. Ɗakunan katako galibi a ɗage suke daga ƙasa, kuma wannan sararin na ƙarƙashi wuri ne mai inuwa da sanyi da kunama da maciji suke so a ƙasashe masu zafi. Ka haska daga nesa, kada ka cusa hannu, ka hana yara wasa a wurin. Ka bi hanyar banɗaki da ƙafarka sau ɗaya domin ka san inda rami ko saiwa take. A nan gida ka nemi maigadin wurin ka gaishe shi da kyau, ka ce, "Baba, sannu da aiki, mu ne baƙin ɗaki kaza; ina ake ɗiban ruwa, kuma me ya kamata mu kiyaye da dare?" Abin da zai faɗa maka a tsaye cikin minti biyar ya fi abin da ke rubuce a takardar ofis, kuma ka karɓi lambar wayarsa.

Mataki na shida: wuta, girki da hayaƙi

Busasshen katako da katifar soso da labule, a ɗakin da ƙofarsa ɗaya ce, ba sa ba mutum lokaci idan wuta ta kama. Alhazan da suka manyanta ba su manta da gobarar Mina ta shekarar 1997 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 300, wadda bayanta ne aka sauya tantunan da irin waɗanda wuta ba ta ci da sauƙi. Ƙa'idar ɗakin katako ita ce babu kyandir, babu fitilar ƙwai, babu sigari a ciki. Maganin sauro na kunnawa, idan ya zama dole, a ɗora shi a kan farantin ƙarfe a baranda, nesa da labule da shimfiɗa. Kaskon turaren wuta, wanda uwargida ba ta son rabuwa da shi ko ina za ta, a haƙura da shi a wannan tafiya, a ɗauki humra ko turaren fesawa. Ban da haɗarin garwashi a kan daɓen katako, a Turai hayaƙinsa zai tayar da ƙararrawar gobara da ke manne a silin, kuma cire batirinta ko rufe ta laifi ne babba.

Haɗarin da ya fi gobara kisan mummuƙe shi ne iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda gawayi da janareta da risho ke fitarwa. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma garwashin da ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita. Idan sanyin tsauni ya tsananta, abin da zai fara zuwa wa mutumin Kano a rai shi ne ya shigo da kurfoti ɗaki ya rufe ƙofa da taga, kamar yadda wasu ke yi da hunturu, kuma a ƙaramin ɗaki irin wannan hakan yana iya hallaka mutanen ciki gaba ɗaya suna barci. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Idan mutum biyu suka ji haka lokaci ɗaya, a fita waje nan take, a bar ƙofa a buɗe, a nemi asibiti. Maganin sanyi shi ne ƙarin bargo, safa, hula, da gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul. Janareta kuwa a ajiye shi aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansarsa yana kallon wani gefen.

Idan an tanadi abin girki a ɗakin, a yi amfani da shi taga a buɗe, kuma kada a bar tukunya a kan wuta a fita. Idan da ƙaramar tukunyar gas ɗinka ka zo, ka ɗora ta a waje a kan ƙasa mai daidai, ka shafa kumfar sabulu a mahaɗarta kafin ka ƙyasta ashana. Idan kumfar tana tasowa, gas yana zurara. Hura wuta a fili sai a inda aka keɓe. A Norwe, misali, doka ta hana kunna wuta a daji ko kusa da shi daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba. Ruwan da ba ka tabbatar da shi ba, ka bar shi ya tafasa sosai na minti ɗaya cikakke kafin a sha. Ragowar abinci a rufe shi a roba mai murfi, shara kuma a fitar da ita kafin a kwanta saboda ɓera da tururuwa. A Yankari ma birai ne ke fizge leda daga hannun mutum ko su shiga ɗakin da aka bari a buɗe.

Mataki na bakwai: salla, tsarki da zama da maƙwabta

Ba a alwala a kan daɓen katako, domin ruwan yana shiga tsakanin alluna ya ruɓar da su. A yi ta a waje a kan ƙasa ko a ginin wanka. Banɗakunan Turai ba su da buta, don haka ka tafi da taka ko da ƙaramar gora, ka kuma goge duk ruwan da ya zuba kafin ka fito, saboda jiƙaƙƙen daɓe yana cikin abubuwan da suka fi jawo wa baƙo ƙorafi. Wanke ƙafa a yi shi a wurin wanka, ba a kwamin da mutane ke goge baki ba.

Alƙibla daga Kano gabas ce da ɗan karkata arewa, amma daga Holan ko Norwe kudu maso gabas take, saboda haka ka duba manhajar waya tun kana inda akwai sabis, ka riƙe alama da wata kusurwar ɗakin. Lokutan salla ma suna sauyawa ƙwarai: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Holan sai wajen ƙarfe 10 na dare, a can ƙuryar arewacin Norwe da Finlan kuwa akwai makonnin da ba ta faɗuwa sam, don haka ka sauke jadawalin masallaci mafi kusa ka bi. Game da ƙasaru, a mazhabar Malikiyya matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya yana cika salla. Sauran rassan hukuncin, da batun shafa a kan huffi saboda sanyi, ka tambayi malaminka kafin ka tashi.

Bangon katako ba ya tare sauti, hirar da kake yi da iyalinka maƙwabcinka yana ji. Filayen zango na Turai suna da lokacin shiru daga ƙarfe 10 ko 11 na dare zuwa safiya, kuma da gaske suke yi. Mai tashi asuba ya rage ƙarar agogon waya, ya yi karatu a hankali, ya riƙe ƙofa kada ta bugu. Takalmi a cire shi a bakin ƙofa, wanda dama ɗabi'armu ce, amma a ƙasa mai zafi a shigo da shi ciki da dare ko a zazzage shi da safe kafin a saka ƙafa.

Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti da gaggawa. A Turai abin da za a fi kiyayewa shi ne kaska, wadda ke manne wa mutum a cikin ciyawa kuma tana iya sa cuta, don haka a duba jikin yara kowace yamma, idan an gan ta a cire ta da hantsaki a miƙe ba tare da matse cikinta ba. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce a ƙasashen Turai, haka ma a Najeriya.

Mataki na ƙarshe: tashi

Ka haɗa yawancin kaya tun da dare, da safe ya rage shara kawai. A yaye shimfiɗa, a share ƙarƙashin gadaje, a goge tebur da daɓe da tsumma mai ɗan danshi ba tare da kwarara ruwa ba, a wanke kwanukan wurin a mayar da su inda aka same su. A Turai ana raba shara gida-gida, kwalba daban, takarda daban, roba daban, kuma akwatunan suna da hoto a jiki. A kwance igiyar gidan sauro, a kashe gas da fitilu da na'urar ɗumama ɗaki, a rufe tagogi, sannan a sake leƙa soket saboda caja, ita ce abin da aka fi mantawa. Idan wani abu ya karye a hannunka ka faɗa da bakinka, ka nemi ma'aikaci ya duba ɗakin a gabanka, ka miƙa mukulli, ka karɓi kuɗin ajiyarka idan ka bayar.

Da kun iso gida kada a shigar da jakunkuna ɗakin kwana kai tsaye. A zazzage su a tsakar gida, a wanke zannuwan gado da tufafi da ruwan zafi mai kimanin digiri 60, wanda shi ne ke kashe kuɗin cizo da ƙwansa, a baza bargo da jakar barci da jakunkunan kansu a rana yini guda, kuma duk wanda zazzaɓi ya kama a makonnin da suka biyo baya ya je a gwada jininsa, ya gaya wa likita inda ya kwana.